Yadda ake daɓe ƙasa da gudron da ƙananan injina: plak, mai-tsalle, rulo, da wanda tarakta ke ja

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa nan Tawa ya san daɓe tun kafin ya ji wata kalma wai ita kompakta. Ranar daɓen ɗakin amarya mata su taru, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, kowace da madaɓinta a hannu, ana bugu ana waƙa, a sake yayyafi a sake bugu har ƙasa ta yi sumul. To injinan ga da za mu yi magana a kansu madaɓi ne kawai da anka ɗora ma inji. Bambancin shi ne tsohuwa ba ta taɓa zuba ƙasa har gwiwa ta ce za ta daɓe ta tashi guda ba, kuma ba ta daɓe busasshiyar ƙasa. Mu masu inji mu ke yin waɗannan biyun kullum a shantiye.

Ni kaina da su na fara. Shekarun baya an ba ni cikon wani falo a wajen unguwar Wadata, tushe ya tashi sama da rabin mita, maigida na sauri yana so ya tare kafin azumi, munka kira kamiyo ya juye latarit, lebura sunka baje da felu, na hayo plak, wato injin daɓe mai faranti da girgiza, ta wuni guda yaro ya yi ta zagaye da ita tun safe har azahar, sama ya yi ƙarfi in ka buga diddige ko shaida ba ya nunawa. Anka zuba siminti anka jera karo. Damina guda kacal. Tsakiyar falo ya zauna, karo ya dare tun daga ƙofa har bakin taga, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Da munka fasa, santimita 10 na sama ne kaɗai ya daɓu, na ƙasa kuwa hannu kake sawa ka ɗebo kamar gari. Da kuɗin aljihuna na gyara, kuma har yau in munka haɗu da mutumin a wurin ɗaurin aure gaisuwar ba ta tsawo.

Fara da duba ƙasar, ita za ta gaya maka injin da za ka hayo

Ɗebi ƙasar ka jiƙa ta kaɗan ka murza tsakanin tafin hannu. In ta yi tsawo kamar taliya ba ta katse ba, laka ce ko yumɓu, irin ta fadama da tafkuna da kwarin Maggiya. In ta watse ta ƙi haɗuwa, yashi ne ko tsakuwa. Latarit tana tsakani, tsakuwa ce da ƴar laka ke riƙe ta, shi ya sa ake son ta a hanya. Yashi da tsakuwa girgiza suke so, kamar yadda mai awo ke girgiza tiya hatsi ya zauna. Laka kuwa ko ka kwana kana girgiza ta ba ta jin kira, sai duka da matsa, kamar kirɓin fura a turmi.

Plak ita ce wadda kowa ya sani, faranti ne na ƙarfe da inji a bisa, a ciki akwai wani ƙarfe mai nauyi a gefe guda da ke juyawa wajen sau 5,000 zuwa 6,000 a minti, wannan rashin daidaiton shi ke kawo girgizar kuma shi ke tura ta gaba da kanta. Ƙanana suna kai kilo 60 zuwa 120, gaba kawai suke yi, in ka kai bango sai ka juyo ta da hannu. Manyan, daga kilo 150 har sama da 500, suna da liba ta gaba da baya, yawancinsu gazuwal suke sha. Plak ta yashi ce da tsakuwa da pave da facin gudron. A kan jiƙaƙƙiyar laka sai ta manne tana gurnani wuri guda.

Mai-tsalle, wadda injiniyoyi ke ce ma dam sotez ko pilonez, ita ce doguwar nan mai ƙafa guda da ke tsalle kamar ɗan akuya. Kilo 60 zuwa 80, faɗin takalminta bai kai santimita 30 ba, tana sauka wajen sau 600 zuwa 700 a minti. Ita ce ta laka da latarit mai danƙo, ita ce ta ramin tiyo da gefen tushe da bayan kanibo, wato magudanar ruwa, da duk lungun da plak ba ta shiga. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Wacker na Jamus ya fito da irinta mai aiki da lantarki tun 1930. Kar ka sa ta cikin zallan yashi, tono za ta yi ta binne ƙafarta.

Sai rulo na hannu mai ganga biyu, wanda a shantiye kowa ke ce ma Bomag ko da na wani kamfani ne, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Shi BOMAG ɗin na gaske kamfani ne da anka kafa a Boppard ta Jamus a 1957. Irin wanga rulo yana kai kilo 600 zuwa tan guda, faɗin gangar santimita 60 zuwa 75, yana da tankin ruwa, kuma ana iya kunna girgiza ko a kashe. In aikin fili ne mai faɗi, harabar makaranta, tashar mota, gefen hanya, ko gudron, shi za ka nema, zai yi maka cikin awa biyu abin da plak za ta wuni tana yi.

Rulon da tarakta ke ja zan zo kansa daga baya don shi nasa daban ne.

Ruwa, nan ne aikin yake

In ka tambaye ni kashi nawa na aikin daɓe ne inji, zan ce maka ruwa da kaurin shimfiɗa, wato ƙasar da ake bajewa a daɓe hawa guda, sun fi shi nesa ba kusa ba. Busasshiyar ƙasa ƙwayoyinta na cije da juna ba su zamewa, in ruwa ya yi yawa kuma shi ke cika ramukan da kake son ƙasa ta cika, kuma ruwa ba ya matsuwa. Akwai wani ma'auni a tsakani inda ƙasa ke kai iyakar matsuwarta, wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Proctor ya fito da gwajinsa a 1933, shi ne in ka ji kontrola na cewa yana son 95 bisa ɗari na OPM, wato ma'aunin gwajin Proctor, nufinsa daɓenka ya kai kashi 95 na matsuwar da anka samu a laburatuwar da irin ƙasar taka. A babban aiki ana kai samfur laburatuwar ayyukan hanya da gini ta ƙasa da ke Yamai, su gaya maka yawan ruwan, su zo su haƙa ɗan rami su auna.

A ƙaramin aiki hannunka ne laburatuwar. Tona ka ɗebo daga tsakiyar shimfiɗar, ba daga saman da rana ta busar ba, ka dunƙule da ƙarfi. In ka buɗe hannu ta watse, ruwa bai isa ba. In ta bar maka laima da taɓo a tafi ko ruwa na fitowa tsakanin yatsu, ya yi yawa. Abin da kake nema shi ne ta tsaya curi kamar dawo, da shaidar yatsunka a jiki, in ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu. Wani tsohon maso da na yi aiki ƙarƙashinsa ba ya ma magana, zai duƙa ya dunƙula ya jefa ma yaro a ƙafa, in ta tashi ƙura ya nuna tono da haɓa, shi ke nan an gane.

Kuma ruwan ba kaɗan ba ne, mutane na raina lissafin. Mu ɗauka fili ne mita 10 bisa 10, shimfiɗa santimita 15 bayan daɓe, wannan mita kubik 15 ke nan, wajen tan 30 na latarit. In kana bukatar ƙara kashi 6 bisa ɗari na ruwa, lita 1,800 ke nan, tono 9 na lita 200, a shimfiɗa guda fa. Saboda haka kafin ka biya hayar inji ka fara shirya da mai sitern ko ƴan garuwa, in ba haka ba inji na tsaye kuɗin haya na tafiya kana jiran amalanken jaki.

Yadda nake yi: da yamma a jiƙa tarin latarit ɗin, a juya da felu, a bar shi ya kwana ruwan ya ratsa, da asuba a baje a ɗan ƙara yayyafi da arozuwar a hau. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ko lokacin hunturu da iska ke kaɗawa, abin da ka jiƙa ƙarfe 10 kafin 11 ya bushe, don haka kar ka baje fiye da abin da za ka daɓe cikin rabin awa. Kuma kar a kafa tiyo wuri guda a tafi shan shayi, wuri guda ya zama tafki sauran na ƙura. In kana tafiya da inji ka ga ƙasa na lotsawa gaba tana tasowa baya kamar katifa, tsaya, ruwa ya yi yawa, ƙara zagaye ba ya gyara ta, sai dai a tone da diga a bar ta ta sha iska ko a haɗa da busasshiya. Yashin tudu irin namu mai laushi shi ne kawai ke son a sheƙa masa ruwa sosai, don ruwan ba ya tsayawa cikinsa, kuma duk yadda ka yi samansa ba zai taɓa kamewa ba sai ka rufe shi da latarit.

Sai kauri. Ƙaramar plak santimita 10 zuwa 15, mai-tsalle 20 ko ɗan sama, rulo na hannu 15 zuwa 20, babbar plak mai gaba da baya tana iya kai 30 a kan tsakuwa. Kar ka dogara da ido, ka sa shaida da gawayi ko alli a jikin bulo kowane santimita 15, ko ka kafa fegi ka ja igiya, lebura su cika zuwa layi su tsaya. Cikon rabin mita shimfiɗa huɗu ke nan, kowace da nata ruwan da nata zagayen. Ka sani kuma ƙasa na komawa, santimita 20 da ka baje zai dawo wajen 15 ko 16, to ka yi odar kamiyo da ƙari kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A tsince manyan duwatsu, nan Adar ba sai an gaya maka ba, duk dutsen da ya wuce rabin kaurin shimfiɗa inji zai hau kansa ya bar gefensa a sake. Saiwa, leda, tsumma, guntun katako, duk a fitar, kuma a kankare baƙar ƙasar sama tun kafin a fara ciko.

Tada inji da tafiya da shi

Ajiye shi a daidai ka duba baƙin mai tukuna. Yawancin ƙananan plak injin Honda GX160 ne a kansu ko kwaikwayonsa na Sin, wajen lita 0.6 yake ɗauka, kuma da yawa suna da wata na'ura da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa, shi ya sa wani lokaci za ka ga yara na ta jan igiya har kafaɗa ta gaji ana zagin buji alhali mai ne babu. Buɗe esans, ja shok, totur ƙasa, ja igiya, ya tashi ka maida shok ka bar shi minti biyu ko uku ya yi ɗumi. Sa'annan ka tura totur har ƙarshe tashi guda. Wannan wurin yara ke ɓatawa, su sa rabin totur wai suna tattalin mai ko suna tsoron inji, alhali ambarayaj ɗin, wato abin da ke haɗa juyin inji da girgiza, sai inji ya kai gudunsa yake kamawa sosai, a rabi gogawa yake yi yana zafi har ya ƙone. Kuma kar a tada girgiza a kan daɓen siminti ko kan dutse, faranti da roba ke shan wahalar.

Plak ba a tura ta, bin ta ake yi. Riƙe hannun sako-sako ka bar ta ta ja ka. Fara daga gefe ka zagayo zuwa tsakiya, kowane layi ya hau kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, ka yi zagaye 4 zuwa 6, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In ka ji sautin ya canza, ta fara tsalle tana buga maka hannu, ta gama ke nan, abin da za ka ƙara bayan nan farfasa tsakuwa ne da ƙona esans. Ba girin-girin ba dai ta yi mai, ƙarar inji tun safe har dare ba ita ce shaidar an daɓe ba. Ɗauki ƙarfen gini na 12 ka danna da nauyinka a wurare da yawa, musamman kusurwa da jikin bango, in ya shige da sauƙi a sake. In fili ne a sa kamiyo mai kaya ya bi a hankali kana tafe gefensa kana kallon ƙarƙashin taya.

Mai-tsalle ita kuma kar ka yi kokawa da ita, kar ka danne ta, tsaya ƙafa a buɗe ka riƙa juya ta da ƙugu, takalmin ya riƙa sauka shimfiɗe ba da baki ba. A ramin tiyo, kar ka sa ta kai tsaye bisa tiyo, a cika gefe da gefe da yashi a daddanna da hannu har ƙasa ta rufe shi da kamar santimita 30 kafin inji ya shiga. Rami mai zurfi ko ɗakin da anka riga anka rufe, hayaƙin inji na taruwa kuma ba ya da wari sosai, in yaro ya ce kansa na sarawa a kashe a fito da shi, kar a ce raki ne. Ramin da ya kai ƙirji a cikin yashi kuwa girgiza na iya rufto shi, a tokare gefen da katako.

Wani abu da ba a faɗa: maƙwabta. Cikin tsofaffin unguwanni irin su Bilbis da Garkawa katangun ƙasa ne jingine da juna, in ka kunna girgizar rulo jikinsu za ka ji ƙasa na zubowa daga azara. Kafin ka fara ka shiga ka yi sallama, ku duba bangon tare da mai gidan, ka ɗauki hoto da waya, sa'annan mita ɗaya ko biyu na jikin bango ka kashe girgiza ka rage kaurin shimfiɗa, ko a yi da madaɓin hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan harkar tsagar da ta shekara goma ma kai za a ɗora ma.

Rulo na hannu shi ke karya mutane. In kana baya da shi ka tsaya gefen sandar riƙo, ba bayanta ba, ka riƙa waiwaye, don tsakaninsa da bango ba ya sanin mutum. Akwai wani maɓalli a ƙarshen sandar da ke tsayar da shi in ya taɓa cikinka, in an ɗaure shi da waya kar ka karɓa. A gangare kai ne a sama kullum, kuma a hau a sauka miƙe, kar a gitta. Takalmi mai ƙarfe a baki, ba silifa ba, abin toshe kunne, ƙyalle a hanci, kuma a riƙa canjin hannu, don wanda ya wuni riƙe da girgiza da dare yatsunsa ko lomar tuwo ba su ji.

Wanda tarakta ke ja

Wanga na aikin karkara ne: hanyar latarit tsakanin ƙauyuka, filin ƙwallo, gyaran tafki, da shingayen tare ruwa irin waɗanda sunka cika yankin Keita tun aikin raya karkarar da anka fara a 1984. Amfaninsa shi ne ba ka sayen inji na biyu, taraktar da ke noma da damina ita ke ja da rani. Akwai mai santsi da ake cika ma ruwa ko yashi, akwai mai ƙafar tunkiya wanda jikinsa duk ƙusoshi ne masu kauri, akwai mai tayoyi da ake lafta ma kaya, akwai kuma mai girgiza da ke da nasa injin gazuwal a baya, mai tan da yawa.

Mai santsin da ba ya girgiza nauyinsa ne kawai makaminsa, to yi lissafi kafin mai walda ya ruɗe ka. Tono na lita 200 in ka cika shi da kankare bai wuce kilo 480 ba, wannan na lambu ne da filin wasan yara. Ganga mai tsayin mita 1.2 da faɗin mita 1.5 tana ɗaukar wajen lita 1,700, da ruwa tan 1.7 ban da nauyin ƙarfen, da kankare wajen tan 4. Ni na fi son ruwa ko yashi duk da haka, don in an gama sai a zubar a ɗora ganga a mota.

Ƙafar tunkiya ita ce ta laka, daga ƙasa take daɓowa zuwa sama. Zagayen farko ƙusoshin za su nutse gaba ɗaya har gangar na shafar ƙasa, sannu sannu za ka ga suna fitowa, in ta kai tana tafiya bisa kan ƙusa kana hango haske ƙarƙashin gangar, shimfiɗar ta yi. In an yi zagaye goma tana nutsewa yadda ta fara, ko dai laka ta jiƙe da yawa ko shimfiɗar ta fi tsawon ƙusar nesa. Ramukan da take bari alheri ne a shingen ruwa, shimfiɗa ta gaba na cije su ba a samun layin da ruwa zai bi, amma a hanya sai an bi da mai santsi an rufe, musamman in hadari ya taso, in ba haka ba kowane rami ya zama ƙoƙon ruwa.

Direba ya tafi a hankali, mai girgiza tafiyar mutum yake so, kilomita 3 zuwa 5 a awa. Fara daga gefen hanya ka taho tsakiya don doron hanyar ya tsaya ruwa ya riƙa gangarewa. A kwana a buɗe sosai kuma a kashe girgiza, in ba haka ba gangar na kwashe abin da ta daɓe. Ƙusar haɗi ta zama ta gaske mai makulli, da sarƙa ta biyu, ba guntun ƙarfen gini ba. Kuma a tuna gangar ba ta da birki, a gangaren tsaunukan Buza tan 4 a bayan ƙaramar tarakta shi zai tura ta ba ita za ta ja shi ba. Yaran ƙauye kuwa sai an sa mutum guda aikinsa korarsu kawai, don hawa sandar ja suke so.

Gudron da pave

Gudron mai zafi da agogo ake aikinsa. Yana isowa da zafin digiri 140 zuwa 160, in ya sauka ƙasa da 80 ko 90 ya daina jin inji, ko me ka ɗora masa. Saboda haka a rufe kamiyo da tanti, kuma inji ya kasance a kunne da ruwa cikin tanki kafin a juye, ba sai an baje ba a fara neman esans. In faci ne, yanke ramin kusurwa huɗu bakinsa a tsaye, kwashe duk abin da ya saki, daɓe ƙasan da mai-tsalle don yawancin facin da ke mutuwa daga ƙasa yake mutuwa, share ƙura, shafa ruwan gudron a ƙasa da gefe, sa'annan ka zuba ya ɗara bakin ramin, in santimita 4 kake so zuba 5. Fara da bakin, rabin faranti kan tsoho rabi kan sabo, daga nan ka shiga ciki. Da rulo, zagayen farko ba girgiza, na tsakiya da girgiza, na ƙarshe a kashe don goge shaida, kuma kar ka tsaya kan mai zafi ko na ɗan lokaci, zai bar maka kwari, in za ka juya baya kashe girgiza tukuna. Ruwa kaɗan ya isa don kar ya manne. Gazuwal da wasu ke shafa ma faranti narkar da gudron yake yi, wurin ne zai fara tonuwa. Irin gudron ɗin nan kuma na feshi da watsa tsakuwa hawa biyu, wanda ya yi yawa a hanyoyinmu, mai taya yake so, girgiza farfasa tsakuwar take yi.

Pave, wanda ya ƙaru cikin gari tun shirin Tawa Sakola na 2017, nasa da sauƙi in ƙasan ya daɓu. Yashin shimfiɗa santimita 3 zuwa 5, a ja shi da katako a bar shi haka kar a daɓe, a jera pave, a tabbata bakin kankare ya riƙe gefe, a sa ma plak tabarmar roba a ƙasa don kar ta ɓare kusurwa, a bi sau biyu, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake bi, a sake sharewa har su daina sha.

In za ka haya ko ka sayi okaziyo

Kar ka karɓi inji a kashe. A tada shi gabanka yana sanyi, ka ga launin hayaƙi, shuɗi na nufin yana shan baƙin mai. Buɗe filta, in ta toshe da jar ƙura ko ma babu ita to cikin injin ya riga ya sha yashi. Danna kuruwa, wato ɗamarar roba da ke kai juyin inji ga faranti, da yatsa, ta ɗan lotsa kamar santimita guda. Duba robobin nan huɗu da ke tsakanin faranti da inji, in sun tsage duk girgizar hannunka za ta dawo. Kifa farantin ka ga ko ya cinye ko an yi masa walda. A mai-tsalle duba robar nan mai lanƙwasa ta ƙafa ko tana yoyon mai, ka kuma tambaya ko injin na haɗin mai ne ko esans zalla, don akwai iri biyu kuma kuskure guda ya isa. Ku yi magana a fili kan wa ke biyan mai, wa ke biyan ɗauko da maidawa, in ya lalace tsakar rana ya za a yi da kuɗin wunin. Ga mai saye, araha ba ta ado, amma ni na fi duba wanda zan samu kayan gyaransa a Ƙonni ko kasuwar Katako a kan wanda sai an jira wata biyu.

In naka ne, sabon inji a yi masa bidanj bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100, a ƙurarmu ma ni ba na bari ya kai. Filta kullum da yamma a kakkaɓe. Esans na ruwa-ruwa in ba makawa a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kashe inji ya huce kafin a zuba. In an tashi, rage totur minti guda, kashe, rufe esans, kankare laka ko gudron daga faranti tun bai bushe ba. Wajen ɗorawa a mota mutum biyu ko uku su kama ta wurin ƙarfen ɗauka, plak a zaune a ɗaure da igiya, mai-tsalle kuwa in ba za ta tafi a tsaye ba a duba gefen da anka yi ma shaidar kwantarwa, don in ka kwantar da ita ta gefen filta baƙin mai zai gangara ciki, gobe da safe ka iske ta ƙi tashi sitern na tsaye yana jiranka.